Dutsen da Muka Hau a Arras

Ko da ƙwaƙwalwata za ta zube kamar yadda haƙorana suka zube, ba zan manta da shekarar da na zama mai hawan dutse ba, ni da ban taɓa hawa abin da ya wuce tudun unguwar Adjamé da amalanke ba.

Abokina ne sanadi. Tun muna yara muke tare, ni jikan Kanawa, shi jikan Zage-zagi, don haka kullum cikin yi wa juna tsiya muke. Shi ya yi boko, ya yi aikin ofis har ya yi ritaya. Ni kuwa ban daɗe a aji ba na ga malamin bai dace da ni ba, na kama turin kaya a kasuwa, daga baya na koma sayar da goro. Gidansa yana can ƙololuwar wani bene a unguwar Arras, babu hanyar zuwa sai matakala. A nan ya zauna da marigayiya matarsa tun aurensu.

Da ɓarin jikinsa ya shanye, aka dawo da shi daga asibiti aka ajiye shi a wani ɗaki na ƙasan benen, bayan shagon tela. Ɗansa ya ce bayan babbar Sallah zai mayar da shi wurinsa a unguwar Yopougon, a saki gidan sama, tunda ba zai iya hawa ba. Mutumin nan sai ya juya fuska bango. Ko na zage shi ba ya ramawa, a nan na san abin ya yi nisa.

Wata rana na sayi gyaɗa, aka ƙunsa mini a takardar wani tsohon littafi. Da na warware, sai ga hoton mutum ɗaure da igiya, yana manne da dutse fari fat. Na kai masa don tsokana.

"Bazazzagi, ga ɗan'uwanka, shi ma ya rasa hanyar gida."

Ya karɓa da hannunsa mai lafiya, ya karanta gaba da baya, bakinsa a karkace. Sai ya ce, "Ina sauran?" Tun da ya kwanta bai nemi komai ba sai ranar.

Washegari na nufi wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa a Adjamé. Na yi zaɓe irin na goro: mafi girma, mafi sheƙi, mai nauyi a hannu, cike da hotunan duwatsu. Da ya buɗe, ya yi dariya har ya ƙware. Ashe littafin tallar takalma da tantuna ne.

"Bakano," in ji shi, "ko a kan dutse ma haja kake gani."

Na koma da takardar gyaɗar, na nuna wa mai littattafan, ya tona mini na gaske. Daga nan kullum bayan la'asar shi ke karantawa da Faransanci yana mayar mini da Hausa, ni ina jin daɗi ina gyara masa labari. Mun gane ba duka suke ɗaya ba. Akwai na masu cika baki, wanda daga farko har ƙarshe "ni na yi" ne, wannan muka mayar wa mai gyaɗa. Akwai mai koyar da ƙulla igiya da yadda ake dasa ƙafa. Wanda ya fi kama mu shi ne na mutanen da suka faɗi gaskiya: tsoro, ciwo, da komawa baya. A ciki muka ji cewa babban dutse ba a hawa shi tashi ɗaya. A hau kaɗan, a kafa zango, a sauko, jiki ya saba, gobe a ƙara. Kuma ba mai tafiya sai a ɗaure da ɗan'uwansa.

Ya rufe littafin ya ce, "Igiyar amalankenka tana nan?"

Haka muka fara hawan matakalan gidansa. Na ɗaure shi a ƙugu, na ɗaure kaina, ni a gaba shi a baya yana riƙe da ƙarfen gefe. A kowace kwanar matakala muka kafa zango: kujera 'yar tsugunno da butar shayi. Mata masu hawa da kwanuka suna cewa, "Tonton," wato kawu, "a ba mu hanya," suna ƙunshe dariya. Ban damu ba, na saba a yi mini dariya kyauta.

Wata rana ƙafarsa ta zame, igiya ta fizgo ni, muka zube tare. Ya ce ya haƙura, a kira ɗansa ya zo ya ɗauke shi, kuma ba zai sake karatu ba. Sai na ɗauki littafin na fara karantawa da kaina, da ƙarfi, da irin Faransancina na kasuwa. Ya daure, ya daure, ya kasa.

"Kawo nan, kafin marubucin ya tashi daga kabari."

Kashegari muka koma kan igiya.

Ranar da ɗan ya zo da motar kwasar kaya, ya tarar da ɗakin ƙasa babu kowa. Mu tun bayan asuba muka kama hanya. A hawan ƙarshe abokina ya ce in kwance shi. Na kwance, na koma bayansa, hannuwana a buɗe. Shi ya ƙarasa, shi ya sa makulli ya buɗe ƙofarsa.

Yaron ya iso yana haki, ya same shi zaune bakin taga.

"Papa, wa ya hau da kai?"

"Ƙafata, da wannan jakin Kano."

Ya dubi uban, ya dubi igiyar. Sai ya leƙa ta taga ya ce wa direba ya tafi.

Har yau ba na iya karanta shafi ɗaya daidai, amma in ka tambaye ni littafin hawan dutse mai kyau, zan ce maka wanda bai ɓoye faɗuwa ba. Shi ya koya mini cewa saukowa don a huta tana cikin hawan, kuma duk mai hawa yana bukatar wani a ɗaya bakin igiyar, ko da Bakano ne.