Rafin Baba da Matar Yayana

Baba bai gina babban gida ba, bai taɓa sayen mota ba, amma yana da rafi. Ba nasa ba ne, na Allah ne, sai dai duk wanda ya zauna a gefenmu na Romi a Kaduna ya san daga gindin giyayya zuwa inda ruwa ke karya kwana ba a sare ko reshe, ba a ɗibar yashi. Dattawan unguwa ne suka yanke haka, Baba kuwa da ya bar aikin masaƙa sai ya naɗa kansa mai gadi. Cewa yake wurin na tuna masa kwarin garinsu a duwatsun Filato, inda ruwa ke da sanyin kashe haƙori, kuma ba mai shiga kurmi da gatari.

Ni ce 'yar rakiyarsa tun ina ƙarama. Har na gama makaranta na sami aikin buga takardu a ofis ban fasa zuwa ranar Asabar ba. Gaskiya ban taɓa bambanta malmo da kanya ba sai sun yi 'ya'ya. Yana nunawa ina cewa "to, Baba". Amma ni ke riƙe masa hannu a gangara, kuma wannan ya ishe ni.

Shekarar da sojoji suka koma bariki yayana ya auro yarinya daga ƙauyen su Baba. Shiru-shiru ce, ga ladabi kamar ta kwanta maka. Wata Asabar ta ce za ta bi mu. Na ce a raina baƙo raɓa ne, sau ɗaya za ta je ta gaji.

Muka tarar 'yan siyasa sun bi itatuwan da ƙusa sun kafa hotunan ɗan takara. Ni na shiga faɗa, ina cewa a kai ƙara. Ita kuwa sai ta kama aiki. Ta cire ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ta kwaɓa laka ta toshe kowane rami da babban yatsa.

Baba ya tsaya yana kallonta. Ya ce, "Wa ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Kakata, Baba."

Ya ce, "Haka uwata ke yi."

Ni da na shekara ashirin ina bin sa ban taɓa jin uwarsa ta toshe ramin itace ba.

Daga ranar na zama kamar jela. Su biyu a gaba, suna tsugunawa a kan ganye, suna murza shi suna shinshinawa, suna magana da yaren da ni 'yar Kaduna nake tsintar kalma ɗaya cikin goma. In zalɓe ya sauka, ita Baba yake taɓawa ta gani. Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Na fara kushe miyarta, na ce tafiyarta ta 'yan dutse ce. Ta yi dariya, ta ƙaro mini tuwo. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni ce na yi ta zuba mata takin.

Da damina ta kankama ruwa ya fara cin gaɓa, Baba ya ce za a dasa gora don ta riƙe ƙasa. Ranar aiki ya sa. Na roƙi oga ya sake ni da rana, na hau acaɓa ko gida ban biya ba. Yau dai ni zan sauko da shi, kowa ya gani.

Na same su a bakin gangara, ita da damin gora a ka. Ƙasa ta yi santsi. Na matsa kusa da shi na miƙa hannu.

Ya dube ni sama da ƙasa, siket ɗin ofis, farar riga, ya yi murmushi irin na uban da ke alfahari. Ya ce, "A'a, madam ɗina. Ke tsaya nan sama. Ban kai ki makaranta don ki shiga taɓo ba."

Da faɗa ya yi mini da na rama. Amma yabo ne.

Ya juya ya ce mata, "Zo, 'yata, riƙe ni."

Ta riƙe shi suka gangara a hankali, ni kuma hannuna na nan a miƙe.