Hoton da Baba Ya Riga Kowa Gani a Beli

Har yau ban manta da Asabar ɗin da na rataya kwamfutar ofis na nufi garinmu Beli ba, kuma nakan ba sababbin ɗalibanmu labarinta idan suka fara ƙorafi a kan dokokin aiki. A lokacin ina ƙaramar malama a sashen fiziks, ina kuma digiri na uku a hannun Farfesa Sa'idu.

Mutane suna zaton kwana muke muna leƙen sama. Ba haka ba ne. Na'urar hangen nesan da muke aiki da ita tana can sararin samaniya, babu wanda ya taɓa ganinta a cikinmu. Masana daga ƙasashe daban-daban kan haɗu su nemi a juya musu ita wani sashe na sama, kwamiti ya tace, kaɗan su dace. Farfesa yana cikin wata ƙungiya da ta dace, shi ya shigar da ni. Lambobi zalla na'urar take aikowa, sai mun tsabtace su, mun ba kowane irin haske launinsa, sannan hoto ya fito. Nawa rabon wani gajimaren ƙura ne da sababbin taurari ke ɓullowa a cikinsa. Ƙa'idar ƙungiya kuwa, babu mai nuna hoton sai an kammala rubuta sakamako an fitar tare. Idan ya ɓulla a waya kafin lokaci, wahalar mutane da yawa ta tashi a banza, wanda ya fitar kuma ba a sake jawo shi wani aiki.

Damuwata Baba ce. Bayan kaka likita a Kano ya ce hawan jinin ido ya ci ƙarfinsa, ɗan ganin da ya rage da wuya ya kai damina. Hoton kuma sai damina za a fitar. Baba manomin gyaɗa da dawa ne, shi ya tsaya mini lokacin da ake cewa me mace za ta yi da karatun taurari, kuma kullum tambayarsa yaushe zai ga abin da nake yi. Maganar ciwon ma, Baba ya hana mu gaya wa kowa. Ya gwammace a ce girman kai ya hana shi kula wanda ya ɗaga masa hannu daga nesa da a ji tausayinsa.

Na samu Farfesa a ofis na faɗa masa. Ya ce, "Hadiza, wannan ba ikona ba ne ni kaɗai, amma roƙo ba laifi ba ne." A gabana ya rubuta wa shugabar ƙungiyar, wata dattijuwa da ban taɓa gani ba sai ta bidiyo. Ta amince da sharaɗi: mahaifina kaɗai, a kan kwamfutata, kuma kada a sami waya a ɗakin.

Murna ta sa na faɗa wa Inna ta waya, Inna kuwa ba ta iya riƙe labari mai daɗi. Na shiga motar Rogo ta Karaye, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni Beli da hantsi. Ina sauka na tarar zaurenmu ya cika da dattawa, har da tabarma a waje. Baffa Ado, ƙanen Baba, yana gaba da wayarsa a hannu, mutumin da ko akuya ce ta haihu sai ya ɗora a intanet.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni ce zan ce wa sa'o'in mahaifina su tashi, ko su miƙo wayoyinsu? Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ana tambayar hanya da mutanen birni, ni kuwa har na yanke a raina cewa da abina zan koma. Da na zo gaban Baba na yi ƙasa da murya na gaya masa sharaɗin.

Ina ganin zai ce kwamfutar ta lalace, ko a dawo da yamma. Sai ya gyara zama ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri. Abin da Uwata ta kawo amanar mutane ce, lokacin nuna shi bai yi ba. Ni aka yi wa alfarma, don idona ya kusa tafiya. Ku masu ido ku jira damina."

Wani ya yi salati a hankali, wani ya ce Allah ya sawwaƙe. Baffa Ado ya daɗe yana kallon yayansa, sannan ya tura wayar cikin aljihu ya ce, "Yaya, ni ma fa idon nan na hagu ya fara yi mini hazo." Aka yi dariya, har da Baba, aka miƙe ana yi masa addu'a.

A ɗakinsa na saki labule na buɗe hoton. Ganinsa ya zama kamar na mai leƙe ta kafar ƙofa, don haka na riƙa matsar masa da shi gefe-gefe. Ya ce ƙurar kamar ƙaiƙayi idan mata na shiƙa. Na nuna masa wani jan ɗigo a sama ta hagu, wanda na fi shan wahala kafin na tabbatar tauraro ne sabo. Ya kafa masa ido har na fara tsoron cajin zai ƙare. Daga nan ya ce, "Alhamdu lillahi, na gani. Rufe wa mutane abinsu." Ban taɓa jin daɗin aikina kamar ranar ba.

Abin da na koya shi ne, aikin nan da yarda yake tafiya. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suna damƙa wa juna wahalar shekaru, ba tare da mai gadi ba. Dokar ba don ƙeta aka kafa ta ba, kuma masu riƙe da ita suna da iyaye. Shi ya sa nakan ce wa ɗalibai, in kun matsu ku roƙa a fili, kada ku bi ta bayan gida.

Da damina ta faɗi aka fitar da hoton, na buga shi babba na kai Beli. Lokacin Baba ba ya bambance komai sai haske da duhu. Dattawan suka taru a kansa, Baffa Ado yana ta ɗauka da waya son ransa. Baba yana jingine da bango ya ce, "Ado, bar tsakiyar nan. Duba sama ta hagu, akwai wani ɗan ja. Wannan shi ne na Uwata."