A Burauzarsa Lafiya Lau

A wani shago a Kawo ga wani mai tsara shafukan yanar gizo, tabarau a goshi, yana kaɗa ƙafa kamar shi ya ƙirƙiro intanet. Da gani, bai taɓa gwada aikinsa a wayar kowa ba.

Hajiya Ladidi mai atamfa na tsaye a kansa. Sallah saura kwana shida, shafin da ya tsara mata kuwa ya hargitse a wayoyin masu saye: farashi ya hau kan hoto, maɓallin oda ya gudu gefe.

Gogan ko wayarta bai karɓa ba, sai juyo mata da kwamfutarsa yake, yana nuna mata burauza, manhajar buɗe shafuka.

"Hajiya, duba, a burauzata lafiya lau yake. Su canza tasu."

"Madalla, ɗana," in ji ta. "To, turmi nawa za ka saya?"