Ranar da Na Faɗi Gaban Hakimi

Shekarar da aka samu mulkin kai ina sabon malami a firamaren Zagga, dogo, siriri kamar gora. Ni shugaban makaranta ya ɗora wa karanta jawabin maraba a taron murna, wai muryata ta fi kaiwa nesa.

Ranar taron zumuɗi ya hana ni karya kumallo. Kujeru suka ƙare, sai na tsuguna gefen rumfa tun hantsi, rana na dukan ƙeyata, har mutanen Kurgu da fataken da suka ƙetaro daga Dahome suka gama hallara. Da aka kira ni na yi zumbur na miƙe. Na ce, "Ranka ya daɗe," sai na ga hakimi ya zama biyu. Daga nan duhu.

Na farka kwance a inuwa, an ɗora ƙafafuna bisa buhun gero. Malamin asibitin garin, wani dattijo mai son raha, yana riƙe da wuyan hannuna. Wata tsohuwa mai tallar nono tana ta rantsuwa cewa iska ce ta buge ni.

"Inna, ba iska ba ce," in ji shi. Ya juyo gare ni. "Malam, da ka miƙe da sauri, jini ya gangara ƙafafu." Ya taɓa gefen wuyana. "Akwai jijiyoyi nan da ke kai wa ƙwaƙwalwa labari in jini ya yi ƙasa. Ita kuma ta sa zuciya ta ƙara gudu, ta matse hanyoyin jini ya hau sama. Kullum haka take yi, ba ka ko sani. Yau ka hana ta ci da sha, ka gasa ta a rana, shi ya sa ta makara."

Na ce, "To mi za a ba ni? Allura?"

"Fura," in ji shi. "Gobe kuma ka riƙa tashi sannu."

Tsohuwar ta dama mini, tana dai cewa iska ce. Ina sha ina jin shugaban makaranta yana karanta jawabina, yana tsallake layukan da na fi so.

Ran Litinin da na yunƙura zan tashi in yi rubutu a allo, 'yan layin gaba duk suka miƙo hannu don su tare ni. Na yi niyyar tsawata musu, dariya ta ƙwace mini.