Ɗigon Alhaji a Layi na Takwas

Wata huɗu na ɓata ina neman maganin rigimar da ba a taɓa yin ta ba. Har yau in na tuna sai haushin kaina ya taso mini sabo.

Sana'ata rubuta manhajar waya ce, a birnin Sakkwato nake zaune, amma ni ɗan Tursa ne. Can yayana yake da iyalinsa, yana noman albasa a fadamar da mahaifinmu ya bar mana. Yana cikin wata ƙungiyar manoman rani da ta haɗa garuruwa uku: namu Tursa a ƙasar Rabah, da Kwargaba a Wurno, da Taloka a Goronyo. Abin da ya haɗa su injin haƙa rijiyar fadama ne guda ɗaya tak, da mahaƙa huɗu masu yawo da shi gari zuwa gari. Kowane gari da sakatarensa da littafinsa, kuma littattafan nan uku ba su taɓa faɗin magana ɗaya ba. Mahaƙa su iso gari a ce musu ai ba yau ba ne, ko su tarar da mutum uku kowa na rantsuwa shi ne a gaba.

Ba wanda ya roƙe ni, ni na kai kaina. Na je taronsu na miƙe na ce zan yi musu shafi ɗaya a waya, wanda sakatarorin uku da shugaban ƙungiya za su riƙa rubutu a cikinsa tare. Abin da na Taloka ya rubuta, na Tursa zai gan shi nan take. Shugaban, wani dattijo mai shanu daga Kwargaba da kowa ke kira Alhaji, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Allah shi ba da sa'a, ɗana." Na ɗauka yabo ne.

Duk wanda ya taɓa irin wannan aiki ya san inda wahalar take. Mutum biyu za su kai hannu kan layi ɗaya a lokaci ɗaya, rubutun wa zai tsaya? Ga sabis ɗin wajenmu, yanzu yana nan, anjima ya yi nasa wuri. Mutum zai rubuta suna a Taloka ba sabis, sai bayan la'asar wayarsa ta samu ta aika, alhali tun hantsi wani ya cike gurbin daga Kwargaba. Ni kuwa na san mutanena a kan ruwa. Na ga an zare wa juna ido a kan wa zai fara jan tiyo. Saboda haka na zauna na tsara yadda manhajar za ta raba gardama: ta riƙe rubutun kowa, ba ta zubar da na kowa, ta nuna wanda ya riga. Na jera wayoyi uku a kan tabarma ina rubutu da hannu biyu, ina kashe data ina kunnawa, ina saka wannan a cikin tukunya in rufe don sabis ya yanke. Matata ta shigo neman tukunyarta ta tarar da waya a ciki, ta mayar da murfin ta fita.

Abin da na fi alfahari da shi wani ɗan ɗigo ne kore. Duk wanda ya buɗe shafin, ɗigonsa zai bayyana a kan layin da ya taɓa, da sunansa a gefe, don kowa ya san inda ɗan'uwansa yake aiki. Kwana uku na yi a kan ɗigon nan kaɗai, har da zaɓar masa irin koren da ya fi kyau.

Ranar gwaji muka haɗu a zauren Alhaji a Kwargaba. Na saka wa kowa manhajar, na ce su rubuta abin da suka ga dama. Sakataren Taloka ya rubuta sallama a layi na farko. Na Kwargaba ya amsa a na biyu. Aka tambayi iyali a na uku, aka tambayi gajiyar hanya a na huɗu, ga su zaune gwiwa da gwiwa a tabarma ɗaya. Na goge, na ce to yanzu ina so su biyun su rubuta suna a layi guda, da gangan, a lokaci guda, don su ga yadda abin yake raba rigima.

Suka fara. Ɗigon wannan ya sauka, ɗigon wancan ya sauka. Na Taloka ya ga sunan abokinsa a kan layin, sai ya goge abin da ya fara rubutawa. Na Kwargaba shi ma ya goge nasa. Layi ya koma fayau.

"Mi yas sa kunka goge?" na tambaya.

"Ai shi yar riga ni," in ji na Taloka.

"Wallahi shi na gaba gare ni," in ji na Kwargaba. "Shekara biyu yab ba ni. Malam, bismilla."

"A'a, garinku muke. Kai za ka hwara."

Sau uku ina sa su, sau uku suna janye wa juna. Dabarar da na kashe wata huɗu a kanta tana zaune tana jiran faɗa, su kuwa suna ta bismilla. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, na ce a raina za su saba. Da ina da hankali, a ranar zan koma gida in sake tunani. Maimakon haka sai na ƙara wani abu: na nace a kafa doka cewa duk sunan da ba ya kan shafi, mahaƙa ba za su haƙa masa ba, ko ɗan wane ne. Alhaji ya amince, ogan mahaƙa ya ce shi ma ya huta da rantse-rantse.

Aka yi makonni abu na tafiya, har na fara ba abokaina labari a birni.

Da sanyi ya fara shigowa, rijiyar yayana ta toshe da yashi. Ya riga ya yafa iri, ya fito kore shar a fangali shida, saura mako biyu a yi dashe. Irin yana iya rayuwa da ruwan jarka da yake ɗebowa daga rijiyar maƙwabci, amma gona guda ba ta shan ruwa da jarka. In ba sabuwar rijiya, ba dashe, in ba dashe kuwa ba albasar bana, kuma da ita yake ciyar da mutum tara har damina ta faɗi. An yi sa'a mahaƙa na zuwa Tursa a makon, kwana huɗu, rijiya biyu kowace rana. Layi takwas ke nan aka ware wa garin a shafi. Bakwai sun cika, saura na takwas. Yaya ya je ya sami sakataren Tursa, sakataren ya ce masa ba komai, an gama.

Sakataren namu mutum ne mai natsuwa, malamin firamare. Ɗiyar Alhaji yake aure. Wannan na san shi, kowa ya sani, amma ban taɓa kawo shi kusa da aikina ba.

Ya buɗe shafi zai rubuta sunan Yaya, sai ya tarar da ɗigo kore a kan layi na takwas, da sunan surukinsa a gefe. Ya rufe waya. Da azahar ya sake buɗewa, ɗigo na nan. Washegari yana nan. Mutumin da ko sunan Alhaji ba ya kamawa, wanda in ya hango shi a kasuwa yake sauya hanya ya tuɓe takalmi tun daga nesa in ya zama dole su haɗu, shi ne zai sa yatsa a inda surukinsa ya ɗora hannu? A ganinsa Alhaji na da wanda yake so ya sa a gurbin, yana nazari ne.

A rana ta uku Yaya ya kira ni ya ce har yanzu mahaƙa sun ce ba su ga sunansa ba. Na kira sakatare.

"Malam, mi ka hana ka rubuta sunan Yaya?"

"Su Baba na bisa layin."

"Ɗigo na kawai! Ka rubuta, manhajar na riƙe na kowa."

"Ka yi haƙuri. Ba ni iya ƙetare su. In sun ɗauke hannu, ko minti guda ba ni ƙarawa."

"To kira shi ka tambaye shi mana."

Kamar na faɗi abin kunya a cikin mutane, ya ce, "In kira su in ce su matsa?"

Na kashe waya ina huci. Na kira Alhaji da kaina, ba ta shiga. Na buɗe shafin a kwamfutata, ga ɗigon nan zaune daram a layi na takwas. Ni ne mai manhajar. Ina da ikon rubuta kowane suna a kowane layi, ba mai hana ni. Na kai hannu, na rubuta harafin farko na sunan yayana, sai idona ya koma kan sunan Alhaji. Na tuna ni na tsaya a zaurensa na ce ko ɗan wane ne. Yanzu in ture dattijo daga layi in sa ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya? Na goge harafin. Na gaya wa kaina cewa wanda ya gina abu bai kamata ya sa hannu a cikinsa ba, kuma ai zuwa gobe Alhaji zai gama nazarinsa. Magana ce mai daɗin ji, kuma ƙarya ce. Kunya na ji, irin ta sakatare sak, sai dai ni na saya mata riga ta boko.

Mahaƙa suka gama rijiya bakwai. Yaya ya bi ogansu har bakin mota yana roƙo, ogan ya nuna masa waya ya ce ga layi nan ba kowa, kuma ƙanensa ne ya kafa dokar. Suka ɗaure bututunsu suka wuce Taloka, inda layi goma sha shida ke jiransu, daga can kuma sai Kwargaba.

A rana ta shida wayar Alhaji ta shiga. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na tambaye shi wa yake so a sa a layi na takwas na Tursa.

"Wane layi?"

"Baba, inda ɗigonka yake. Kwana shida ke nan."

"Wane ɗigo kuma? Ɗana, ni ina ruga wurin shanu tun ran Lahadi, yau nid dawo. Can ko sabis babu. Na dai buɗe abin naka bisa hanya in nuna ma wani, nis sa aljihu."

Sai a lokacin na gane. Ya buɗe shafin, yatsansa ya goga layi na takwas, sabis ya yanke kafin wayarsa ta sanar cewa ya fita. Ni kuma ban taɓa gaya wa manhajar cewa in ta daɗe ba ta ji motsin mutum ba ta ɗauke ɗigonsa ba. Na yi tanadin yankewar sabis a kan rubutu ta kowace fuska, na manta da ɗigo, don a wurina ado ne. Gyaran bai ɗauke ni minti goma ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Alhaji ya yi salati, ya ce a juyo da mahaƙa. Amma mutanen Taloka su ma irinsu na jiran dashe, sunayensu kuma na kan shafi bisa ƙa'ida. Aka duba aka duba, mafi kusa sai bayan mako biyar. Irin albasa ba ya jiran mako biyar.

Ranar Asabar na hau mota na je Tursa. Na sami Yaya a fadama, a durƙushe cikin fangali yana cire iri yana ɗaurawa. Ya ba maƙwabcinsa irin, wanda ya samu layi na biyar, Yaya kuma zai yi masa aikin dashe da ban ruwa har a cire albasa. Gonarmu na gefe, an yi mata kaftu an ja fangali, a bushe.

Na tsuguna na ba shi labarin ɗigo tun daga farko. Na zagi manhajar, na zagi sabis, na ce sakatare ya cika kunyar banza, a ce mutum da iliminsa ya tsaya gaida hoto a waya har gonar wani ta mutu. Yaya bai ɗago ba sai da na gama.

"Kai da kaƙ ƙera abin," ya ce, "kai ma ka ga sunanai bisa layin?"

"Na gani."

"Kana iya rubuta nawa?"

"Ina iyawa."

"Ba ka rubuta ba."

"Ban rubuta ba, Yaya."

Na jira ya zage ni. Wallahi so nake ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, in samu abin da zan riƙe. Ya karkaɗe ƙasa daga saiwar irin da ke hannunsa, ya ɗaure, ya ajiye a kan sauran.

"To, ka yi daidai," ya ce. "Da ka ƙetare dattijo don ni, da ba ni da idon shiga Kwargaba. Miƙo min igiyar can."

Na miƙa masa. Na tuɓe takalmina na shiga fangalin, muka ci gaba da cire irinsa muna ɗaura wa maƙwabci har rana ta take.