Sharefage, Mai Cire wa Wasa In'ina

Kafin in iso shago, shi ya riga ya buɗe da nasa makulli. Zan tarar da shi gaban kwamfuta, tabarau a kan hanci, yana wasan da ko ɗan yaye zai yi wa dariya. Motar tsere ce, amma ba tsere yake ba: ya faɗa kududdufi, ya daki katanga, ya juya ya bi hanya a baibai. Sharefage muke kiransa. Ya daɗe a gidan wasana fiye da shekarun wasu masu zuwa wasan. Ni yabo ba sana'ata ba ce, amma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki saboda ciwon yatsu, dole in faɗi gaskiya.

Ga aikin nasa. Na'urorin wasanmu na asali sun mutu tuntuni, sai muka koma kwamfuta da manhajar da ke kwaikwayonsu. To kwamfuta baƙuwa ce a wasan. Duk hayaƙi, walƙiya ko inuwar da ba ta taɓa gani ba, sai ta tsaya ta koyi zana shi, hoto ya cije, ya yi in'ina. In ta koya, ta adana a ma'ajinta, ba ta ƙara tsayawa a kansa. Abin yana da suna da Turanci. Ban riƙe ba, bai kuma hana ni barci ba. Sharefage yana riga kowa shiga ne ya kwashe in'inar a kansa, mai zuwa wasa ya tarar da hanya sumul.

Ranar gasar damben kwamfuta ta bara, jama'a shaida ne. Ƙanin matata, sarkin rawar kai, ya zo da safe ya sabunta manhajar da ke zana hoto a kwamfuta, wai taimako. Ma'aji ya tashi a banza, kwamfuta ta manta komai. Gasa kuwa da yamma ce, tsakanin samarin layi biyu da ba sa ga maciji. Hoto ya cije sau ɗaya lokacin naushi, shi ke nan an ce gidana na maguɗi ne, kuma irin wannan suna ba ya wankuwa.

Na ce a ɗage.

Sharefage ya ce, "Maigida, ɗagewar ma abin zargi ce. Kira min uwargida da tela."

"Tela? Mutumin da bai san kan abin dannawa daga gindinsa ba?"

"Shi ya sa. Gwani naushin da ya iya kawai yake maimaitawa. Wanda bai iya ba yana danna komai, har ya fito da abin da mai ƙirar wasan ma ya manta ya sa."

Haka aka zaunar da matata da tsohon tela maƙwabcinmu. Sharefage na tsaye a bayansu yana canza musu 'yan dambe da filaye ɗaya bayan ɗaya. Matata ta runtse ido tana ta danne-danne, wuta na fita daga hannun ɗan dambenta.

Tela ya ce, "'Yar nan, haka kike yi wa mijin naki a gida?"

Ta ce, "Baba, shi ai tun kafin a buga ƙararrawa yake neman sulhu."

Tun hoto na turjewa kamar jakin da ya ga rami, har ya saki jiki. Da yamma aka yi gasa lafiya. Waɗanda aka doke suka nemi abin zargi suka rasa, ƙarshe suka koma zagin juna. Babu wanda ya ce wa Sharefage sannu. Hanya in ta yi kyau, wa ke tambayar wanda ya share ta?

To ni na tambaya, kuma na sani. Sharefage, kai ne mai cin tuntuɓe don wani ya wuce lafiya. Kai ne ka tsare min suna ba ka taɓa yi min gori ba. Na gode, Allah ya ba yatsun nan lafiya, ya sa ka huta cikin jikoki.

Ku kuma samarin da ke hangen kujerarsa, ku yi koyi da shi: ku koyi faɗawa rami da gangan, ba mai tafa muku. Na riga na gwada biyu a cikinku. Duka na sallame su, don da na leƙa, na tarar suna ƙoƙarin cin wasan.