Tsohuwar Karaya a Muƙamuƙin Inna

Ni ce mai jin Faransanci a gidanmu, shi ya sa aka haɗa ni da Inna zuwa wurin likitan haƙori a unguwar Nyékonakpoè. An cire mata haƙorin can ƙurya, wanda ke fitowa bayan mutum ya girma, amma har sati biyu kumburin bai saɓe ba. Likitan ya ce a ɗauki hoton muƙamuƙin, radiyo kamar yadda muke cewa. Ni dai duban agogo nake yi, don da yamma akwai gwajin rawar yabon jam'iyyar gwamnati a makarantarmu, kuma ana rubuta sunan duk wadda ba ta zo ba.

Ya ɗaga hoton a hasken taga, ya daɗe yana kallo. Gurbin haƙorin lafiya lau, in ji shi, magani zai sauke kumburin. Sai ya ɗora yatsa a kan wani layi daga ƙasa. Ƙashin ya taɓa karyewa shekaru da yawa, ya haɗe a karkace ba tare da ɗori ba. Ya ce in tambaye ta abin da ya same ta.

"Inna, wai muƙamuƙinki ya taɓa karyewa. Yaushe?"

Ta gyara mayafinta. "Ce masa faɗuwa na yi."

"A ina?"

"Ke ce likitan? Ce masa faɗuwa na yi."

Taksin da muka shiga cike yake da mutane har unguwarmu, Zongo. Ni kuwa kafin mu sauka na gama yanke hukunci. Rawar ma na fasa zuwa. Muka tarar da Baba a tabarma a ƙofar gida, shi da abokansa biyu, sun dawo daga la'asar. Na zaro hoton na ajiye a gabansa.

"Baba, wa ya karya mata muƙamuƙi?"

Abokan suka hau neman takalmansu. Baba ya ɗauki hoton yana juya shi, bai ma san ina ne sama ba. Ya ɗago ya dubi Inna, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Shekara ashirin muna tare, ban sani ba?"

Nan take na gane da gaske bai sani ba. Amma abokan sun riga sun sha kwana da rabin labarin. Kafin sati ya zagayo, matan da ke sayar da atamfa kusa da rumfar Inna a kasuwar Adawlato sun fara yi mata sannu, irin sannun da ke sa mutum sunkuyar da kai. Baba ya daina shimfiɗa tabarma a waje.

Ranar komawa wurin likita, 'yar maƙwabta Inna ta ɗauka ta yi mata tafinta. Na tare Inna a zaure na ce ai ina nan. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Da kin bari mun shiga ɗaki, da na gaya miki."

Na tambaye ta sau biyu bayan haka, mu kaɗai a ɗaki. Ta ce faɗuwa ta yi.